Muryar da Muka Binne Cikin Dawa

Shekaranjiya ina cikin aji hadari ya taso daga wajen Fashaga, baƙi ƙirin, iska na gaba yana biye. Kafin ɗigon farko ya taɓa kwanon rufi na daka wa yara tsawa su kashe allunan gilashin da ke hannunsu. Na bi su ina karɓa ina gogewa da gefen mayafina, na kulle a kabad ɗin ƙarfe. Sabuwar malamar da aka turo mana daga Gadarif ta tsaya bakin ƙofa tana mini dariya, wai ko jinjiri ba a yi masa wannan rawar jiki. Ta ce na yanzu ba irin na da ba ne, duk abin da aka sa a ciki yana da wani ma'aji can nesa, ko allon ya faɗa rijiya darasi bai ɓata ba. Na bar ta ta yi dariyarta, ai ba ta nan a daminar da nake tunawa. Da ruwan ya sauka, baƙar ƙasar nan tamu ta fara sha tana rufe tsagoginta, ƙamshin ya shigo ta taga. Na zauna a bencin yara har aka tashi.

Ƙauyenmu yana kudu da Gadarif, kafin a kai Ƙala'at an-Nahal. Kakanninmu da shanu suka zo, mu kuma dawa da riɗi suka zaunar da mu. Makarantarmu ƙarama ce, ni da maigidana muke riƙe da ƙananan azuzuwa. Sunansa ban faɗa yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu ba. Ustaz kowa yake ce masa, ni ma haka nake cewa.

'Yan shekaru kafin yaƙi wata ƙungiya ta kawo mana allunan nan a kwali, aka kafa faifan sola a kan rufi don yi musu caji. Larabawa jihaz suke cewa, yaranmu suka sa musu allon gilashi. A ciki akwai manhajar koyon baƙaƙe da lissafi, yaro ya taɓa daidai tauraro ya fito masa, ya taɓa kuskure a ce ya sake. Ni ce ta farko da ta ƙi abin. Na ce mu da alli da baƙin allo da tsumagiya muka yi karatu, ga mu nan ba mu mutu ba. Ustaz ya ce in dai tsumagiya ce ke sa ilimi, da jakin gidanmu ya zama alƙali.

Amma da farko kamar ni ce da gaskiya. Muryar da ke cikin allon ta wata mata ce mai Larabcin littafi, irin wanda ko a kasuwar Gadarif ba a ciniki da shi. Yaranmu kuwa da Hausa suke shigowa aji, sai ɗan Larabcin sayen gishiri. Matar tana ta bayaninta, su kuma suna dangwala yatsa ko'ina har tauraro ya fito su yi tsalle. Sun iya cin tauraro, ba su iya alif ba. Ina kallon Ustaz ina murmushin mugunta, shi kuwa ya dage yana tone-tone a cikin manhajar, har ya gano wani wuri da malami zai iya naɗar muryarsa a kan kowane darasi.

Daga ranar na rasa miji da rana. In an tashi daga makaranta sai ya rufe tagogin aji saboda awaki, ya zauna cikin zafin nan shi kaɗai, gumi na bin wuyansa, yana magana da gilashi. Kowane darasi ya bi shi ya yi bayani da Hausarmu ta gida. Lissafi da buhunan riɗi yake yi, da ƙwan zabi, da 'yan awakin da kura ta rage. Akwai darasin da jaki ya yi kuka a tsakiyarsa, ya ce a bar shi, shi ma ɗan aji ne. Rani da damina ya kwashe yana wannan aiki. Da yake ba mu da shabaka, wato intanet, da 'yar igiyar waya yake juye darussan daga allo ɗaya zuwa sauran, har kowane allo ya ɗauki muryarsa.

Aikina ya sauya. A da ina tsaye gaban aji ina ihu har maƙogwarona ya bushe, na gaba su ji, na baya su yi ta tsunkulin juna. Yanzu kowane gungu yana da Ustaz ɗinsa a hannu, ni kuma ina zagayawa. Manhajar tana nuna mini yaron da ya maƙale da inda ya maƙale, in je in durƙusa kusa da shi mu warware. 'Yan matan da ba sa buɗe baki a gaban malami suka fara amsa wa allo da ƙarfi. Na haɗiye maganata ba ruwa, shi kuwa bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo.

Wanda ya ji shi a cikin allon ba zai yarda shi ne mutumin da ke gidanmu ba. Gida ɗaya muke da mahaifinsa, kuma Ustaz ɗan fari ne. Baba ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in zai ba shi saƙo sai ya faɗa wa iska yana kallon wani gefe. Shi kuma in ya je gaisuwa daga nesa yake tsugunawa, kai a ƙasa, murya can ciki kamar mai ciwon haƙori. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san Baba ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe don ɗan nan ya yi karatun malanta. Kunya ce irin tamu. Baba bai taɓa taka harabar makaranta ba, ya ce shi gona ce makarantarsa.

Sai yaƙi ya zo. Aka rufe makarantu, mutanen Hartum suka fara isowa, daga baya na Jazira suka biyo da abin da kai zai iya ɗauka. Azuzuwanmu suka zama ɗakunan kwana, an raba su da zannuwan gado, ana girki a inda muke taron safe. Ustaz bai daina ba. Ya kwashe allunan zuwa gindin aduwar da ke bayan makaranta, yaranmu da yaran baƙi suka cakuɗe. A cikin baƙin akwai Ihlas, doguwar mace mai magana ba kwana-kwana, malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata a Madani. Da 'ya'yanta da tukunya ɗaya ta iso. Ta riƙa taya mu, muka shaƙu har muna cin kwano ɗaya, ko da yake bakinta ya sha ba ni kunya a gaban manya.

Gab da faɗuwar damina ta biyu da fara yaƙin labari ya zo cewa masu bindiga sun kusanto ta wajen Sinnar. Waɗanda suka gudo daga can suka ce duk abin da ke da batir ɗauka suke, waya, sola, mota, ba sa bari. Gari ya ruɗe. Mata suka binne 'yan kunnensu ƙarƙashin murhu. Ustaz ya sauke faifan sola ya tura ƙarƙashin jinkar ɗakinmu, allunan kuma ya rasa inda zai kai su. To ina mutumin ƙasar nan yake kai abin da yake tsoron rasawa? Matmura.

Matmura rami ne mai zurfi da ake haƙawa a tudu, a shimfiɗe shi da ƙaiƙayi, a cika da dawa, a sake rufewa da ƙaiƙayi, a tara ƙasa a kai a daddale. Dawa takan yi shekaru a ciki ƙwaro bai taɓa ta ba, ɓarawo ya wuce ta kai bai sani ba. Ta Baba tana bayan gida, an cika ta tun rani. Da yake ruwa bai zauna ba tukuna, ya yarda a buɗe bakinta sau ɗaya. Abin da aka gaya masa shi ne kayan makaranta za a ɓoye, bai tambayi ƙari ba. Da sassafe muka naɗe allunan a leda, muka ƙara da zannuwana, muka naɗe da tabarma, Ustaz ya tura ƙunshin cikin dawa iya tsawon hannunsa, aka mayar da ƙasa. Ko Ihlas ba mu gaya wa ba, Ustaz ya ce a irin wannan lokaci rage baki ya fi. Ni da kaina na yaba dabarar. Na ce ramin da ya riƙe abincin kakanninmu ba zai kasa riƙe gilashi ba. Ashe gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago.

Ruwan shekarar nan ban ga irinsa ba. Yakan fara da la'asar, ya kwana, ya wuni. Man tarakta ya yi wuya, manyan gonakin Gedambaliya ma aka ce wasu ba a shuka su ba, mu kuwa muka koma sungumi irin na iyayenmu, namiji na sara mace na zuba iri tana takewa. Ƙasar nan in ta jiƙa ba ta da mutunci. Takan kama ƙafa ta riƙe takalmi, ka ɗaga sawu ka ji kamar ka ɗauko turmi. Da ciyawa ta taso aka yi ta gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, har da baƙin da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Na ga wani tsohon ma'aikacin banki yana cire dawa yana barin ciyawa, Baba na binsa a baya yana mayarwa bai ce masa komai ba. Da yamma su dawo tafin hannu duk ƙuraje, mu shafa musu man riɗi.

Hanya ta yanke, mota ta daina shigowa. Rumbun gida ya fara ja da baya, don tukunyarmu ba tamu kaɗai ba ce, kullum akwai kwanukan da ake kaiwa makaranta. Muka koma cin tuwo sau ɗaya, da rana tsaka, miyar tafasa yau, gobe lalo, ba mai ba nama. Da safe shayi ba sukari, yara su sha ruwan ƙanzo. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, tufafi ba sa bushewa sai warin danshi. Sauro kuwa tun kafin magariba yake fara aikinsa. Kowa ya san akwai dawa a matmura, kowa kuma ya san ba a taɓa ta sai sama ta rufe. Ita ce za ta riƙe mu tsakanin ruwan ƙarshe da sabuwar dawa.

Masu bindigar da muka yi wa ɓoyo ba su zo ba. Amai da gudawa ne ya zo, ta ruwan tafkin da muke sha. A makaranta ya fara, inda mutane suke a cunkushe. Ustaz ya shiga cikin masu ɗaukar marasa lafiya, yana dama musu ruwan gishiri da ɗan sukarin da aka tattaro a gari. Na yi masa faɗa, na ce malami ne shi ba likita ba, ya ce ajinsa ne, duk wanda ya kwanta a ciki ɗalibinsa ne. Ranar da ciwon ya kama shi, kafin hantsi idanunsa sun faɗa. Aka samo tarakta aka ɗora shi za a kai asibitin Ƙala'a, ta kafe a bakin kwari, ruwa ya hana ketarewa. A can ya cika. Ciwon nan murya yake fara ɗaukewa. Abin da na ji daga bakinsa na ƙarshe, kafin a fita da shi, wani raɗa ne a dushe yana neman ruwa, ko kama da muryarsa bai yi ba.

Na shiga takaba a ɗakin da ke yoyo. Mutane suna zuwa gaisuwa da laka har gwiwa, ina amsawa, amma abin da ke cina ban gaya wa kowa ba. In na rufe ido don in ji shi, raɗan nan kawai nake ji. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ba komai a ciki sai lambobi. 'Yarmu Nafisa tana ƙarama, ta daina tambayar inda ya tafi, ta koma tambayar yaushe za a kunna Abba. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa yana nan bayan gida, yana dariya, yana lissafin ƙwan zabi, kwance cikin dawa inda ba abin da zai same shi.

Wata rana Ihlas ta zo tana taya ni tsince tafasa, ta ce ita abin da ke ƙona mata rai har da allunan nan, ko wa ya san hannun da suka faɗa. Na ce ta kwantar da hankalinta, na gaya mata inda suke. Ta ajiye faifan da ke cinyarta.

"A matmura? Cikin dawa? A leda?"

Na ce e, har da zannuwa. Ta dafe kai. Ta ce dawa a rami numfashi take, tana zafi tana gumi, kuma gumin sama yake tasowa, daidai inda muka tura ƙunshin. Leda ba ta hana shi shiga, hana shi fita take. Batir kuwa ba abin da ya tsana kamar zafi da danshi, kumbura yake har ya fasa abin da ke jikinsa. Ta ce wataƙila har yanzu da sauran rai a wasu, amma kowace rana da ta wuce ragi ce.

"Ya uhti, 'yar'uwata, tashi ki je wurin Haj, surukinki, yanzu, ba gobe ba."

Na ja mayafi na rufe fuska, na je na tsuguna a bayan zanan rumfar Baba. Na gaishe shi, na ce kayan makarantar nan da aka ajiye, masu sani sun ce zafin rami zai lalata su. Sai ya ce in ɗaga kai in dubi sama. Hadari ne a haɗe ta ko'ina. Ya ce tun da aka haife shi bai ga wanda ya buɗe matmura sama na buɗe ba, in ruwa ya sami hanya sau ɗaya, dawar gaba ɗaya ta tafi. Ya ce shi ma da ɗamara a cikinsa yake kwana, da ana buɗewa da yunwa ta sa ya buɗe tun tuni.

Na koma. Bayan 'yan kwanaki na sake zuwa, na ce amana ce ta hukuma. Ya ce in hukuma ta zo shi zai amsa. Na sake zuwa, na ce karatun yaran gari ne a ciki.

"Uwar Nafisa," ya ce, "sai yaro ya rayu yake karatu. Ki yi haƙuri sama ta rufe."

Maganar da ta rage ita ce wadda bakina ya ƙi. Ta yaya mace mai takaba za ta tsuguna gaban surukinta ta ce tana marmarin muryar ɗansa? Ɗan da shi kansa ko a ranar jana'iza bai ambaci sunansa ba, bai bari an ga hawayensa ba. Kalmar takan zo har bakin leɓena ta koma. Ihlas ta ce ita za ta je ta faɗa masa, ba ta ga abin kunya a ciki ba. Na riƙe hannunta na roƙe ta da girman Allah kada ta tozarta ni a gidan da zan ci gaba da zama. Ta kira ni mahaukaciya da Larabci, ta kira al'adarmu abin da ba zan maimaita ba, amma ba ta je ba. Haka aka rene mu, an ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ko yau aka mayar da ni bayan zanan nan ban tabbata bakina zai buɗe ba.

Sauran daminar ina leƙe ta hujin zana na yi ta. Daga ɗakina ana hango tudun matmura, ciyawa ta fito a kansa kore shar. Duk ruwan da ya sauka a kai, a ƙirjina yake sauka. Na ji haushin Baba, na ji haushin hadari, na ji haushin Ustaz da ya tafi ya ɗauki ciwon da ba nasa ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na san Baba yana da gaskiya. Ina ganin yaran makaranta suna zuwa karɓar kwano, wuyansu ya yi siriri, na san dawar nan tasu ce. In rana ta fito bayan ruwa, tururi ya riƙa tashi daga ƙasa, sai in tuna maganar Ihlas in koma ciki.

Riɗi ya nuna, shi kuwa ba ya jira, in ka makara ya farfashe ya zube a ƙasa. Gari ya watse zuwa gona, babba da yaro, baƙo da ɗan gari, ana yanka ana ɗaurewa ana jingina dammuna a tsaye. Ni da tsofaffi aka bari a gida da tukwane. Ruwa ya fara jinkiri, ya zama yayyafi, ya ɗauke. Na ɗauka washegari za a buɗe, amma Baba ya ce sai ƙasa ta tsage tukuna. Rumbu ya kai ga sharar ƙasa kafin ya kira maza da magirbi.

Da aka yaye ƙasar wani zafi ya bugo mai tsami. Dawar sama ta yi baƙi ta dunƙule, aka kwashe ta gefe don dabbobi. Ƙarƙashinta kuwa lafiya lau, tsaba tsaf kamar jiya aka zuba. Mata suka rangaɗa guɗa, har da na Hartum da ba su san matmura ba sai ranar. Ban ga laifinsu ba, abinci ne ya fito. Aka miƙo ƙunshinmu, tabarmar ta ruɓe, zannuwana sun yi ɗumi sun jiƙe. Ihlas ta kwance ledar ruwa ya zubo. Allunan sun kumbura kamar fanke, gilashin wasu ya ɗago, bakin cajinsu ya yi kore. Ta shanya su a inuwa, ta goge, muka fito da faifan sola ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙyaftawa babu wanda ya yi.

Ta ce kada in yanke ƙauna, a kasuwar Gadarif akwai masu gyaran da suka gudo daga Hartum, wataƙila su iya ciro abin da ke ciki ko da allon ya mutu. Da hanya ta buɗe ta zuba su a buhu ta hau motar riɗi. Ni takaba ta hana ni binta. A kwanakin nan tuwon dawar ramin muke ci, har sau biyu a rana, Nafisa ta fara mayar da kumatu. Ina ci, don ciki bai san baƙin ciki ba, amma kowace loma sai na tura ta da ruwa.

Wata rana da la'asar Ihlas ta dawo. Ina tsakar gida ina tankaɗe, Baba yana kan gadon igiyarsa a rumfa. Tun daga yadda ta riƙo buhun na gane. Ta ajiye shi a ƙasa ta ce ta zagaya masu gyara har ƙafarta ta kumbura, kowa ya buɗe sai ya girgiza kai, tsatsa ta cinye har inda ake ajiyar. Baba ya yi gyaran murya ya ce Allah ya mayar da alheri, in masu kayan sun zo a turo su wurinsa, shi ya hana a buɗe.

Ihlas ta juya ta dube shi ido cikin ido, abin da ni ban taɓa yi ba.

"Waɗanne masu kaya, ya Haj? Muryar ɗanka ce a ciki. Duk karatun da ya yi wa yara, da bakinsa, da dariyarsa. Ita kenan ta rage a duniya, ita wannan baiwar Allah take ta zuwa roƙonka."

Rariya ta faɗi daga hannuna. Baba bai motsa ba. Can ya tambaye ta, a hankali, wai murya kamar ta rediyo, mutum ya ji shi yana magana? Ta ce ƙwarai, kamar yana zaune kusa da kai. Sai ya juyo wajena. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya dube ni kai tsaye ba.

"Gaskiya ne, uwar Nafisa?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Shi ne kika yi ta ce mini kayan makaranta."

Ya ce da ya sani da ya kafa rumfa a kan ramin, ya lulluɓe ta da duk tabarmin gidan nan, ya haƙa da hannunsa ko ana tsawa. Don kayan hukuma ba zai yi kasada da abincin mutane ba, amma wannan da ya san yadda zai yi. Bai faɗa da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya miƙa hannu, Ihlas ta ciro allo ɗaya ta ba shi. Ya juya shi gaba da baya, ya kakkaɓe ƙaiƙayin da ya maƙale a gefe. Ya ce tun yaron nan yana bin awaki bai ƙara jin muryarsa a sake ba, gaisuwa kawai, kai a ƙasa. Ya ce mutane suna gaya masa ɗansa ya iya koyarwa, shi kuwa bai taɓa ji ba. Sannan ya ce, yana kallon gilashin, in gaya masa abin da yake cewa a ciki.

Na matso bakin rumfa na tsuguna. Na fara da darasin farko, yadda yake faɗa. "Salamu alaikum 'yan ajina. Kowa ya goge hancinsa, ya goge yatsansa, kada a shafa wa allo miya. Yau za mu gaisa da alif. Alif ɗan tsaye ne kamar karan dawa, ba ya zama, ba ya kwanciya, ko an ba shi tabarma."

"Haka yake musu wasa?" in ji Baba.

Na ce haka yake yi, a nan ma dariya yake.

"Sai me?"

Na ci gaba. Na yi masa darasin harafin ba, na yi masa na ta, na kawo abin da kunnena ya tsinta ina zagaya aji hankalina na kan yara, don a lokacin ban san ina bukatar in riƙe ba. Wani wurin in kawo rabi, wani wurin in tsallake. Inuwa ta bar rumfa ta kai bakin zana, Ihlas ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Har na zo inda na tsaya. Baba ya jira, allon na kan gwiwarsa.

"Daga nan fa?"

"Daga nan na manta, Baba."

Ya jinjina kai, ya ci gaba da goge gilashin da hannun rigarsa.